Tushe Ɗaya Don Iri

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da rafi ya ratsa ta tsakiyarsa. Majami'a da yawancin gidaje suna wannan gefe, 'yan gidaje kaɗan kuma suna ƙetare. Da ubansa ya rasu, bai bar masa garken shanu ba, bai bar masa doki ba. Gona ya bar masa, da wasu abubuwa biyu da za su shiga jaka ɗaya: ƙahon gwanki, da ɗan duma cike da irin taba.

Ƙahon nan tsoho ne ƙwarai, ya yi baƙi ya yi santsi saboda shan hannu. A zamanin da, da shi uban, wanda ake kira Ranau, yake kiran mutane gayya. In ya hau kan suri da sassafe ya busa, sai ka ga maza suna fitowa da garemani a kafaɗa, mata na biye da ƙoren kunu. Da bishara ta shigo ƙauyen, Ranau ya ba da gaskiya, sai dattawan ikilisiya suka ce, to, ƙahon da ke kiran mutane zuwa gonar mutum, me zai hana ya kira su zuwa gidan Allah? Tun daga nan, kowace Lahadi ƙahon ne ke tashin gari. Ba su da ƙararrawa, ba su kuma taɓa jin rashinta ba.

Ita ma tabar da nata tarihin. Ranau ya gaje ta ne a wurin nasa uban, yana shuka ta a wani tsohon garke da ke gefen gida, inda ƙasa ta ƙoshi da taki. Ganyenta faffaɗa, furenta kuwa har daga wasu ƙauyuka 'yan mata ke zuwa roƙo, su goga a haƙora ranar kasuwa. A bakin dangar garken nan ce ma manomin namu ya fara ganin Keziya, wadda ta zama matarsa. Fure ta zo roƙo, shi kuwa ya cika mata ƙwarya har ubansa ya yi masa faɗa.

Amma in ka tambayi mutumin nan abin da ya fi tunawa da ubansa, sai ya ce maka yamma. In an taso daga gona, rana ta yi ja, Ranau yakan zauna a kan turmin da aka kifar a ƙofar gida, ya murje ganye a tafin hannu, ya ɗura a lofe, wato tukunyarsa ta shan taba, ya ce, "Kawo mini wuta." Sai ɗan ya ruga madafa ya ɗauko garwashi a kan tsingaro. Hayaƙi ya tashi, awaki suna shigowa, mata suna kwasar tuwo, tsoho kuma ya buɗe bakin labari: yadda aka yi farautar gwankin da aka ciri ƙahon, da shekarar da fara ta rufe rana, da gayyar da aka nome gonar wata gwauruwa kafin kunu ya huce. Duk daɗin ƙuruciyarsa a cikin ƙanshin nan yake, kuma har ya tsufa bai daina kewar waɗannan yammaci ba.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun gemu bai fito masa ba ya fara zuƙa a ɓoye, daga baya ya fito fili. Uban da yamma kaɗai aka san shi da lofe, amma ɗan ya wuce shi nesa. Kafin ya wanke ido, taba. Tsakanin kunya da kunya a gona, taba. Ranar kasuwa ya sayo sigari ya haɗa da ita, in sigari ta ƙare ya naɗe ganye a cikin ɓawon masara ya kunna. Yatsunsa suka rine, haƙoransa suka dafe. Rigarsa ta Lahadi ma, ko an wanke ta an shanya, wanda ya zauna kusa da shi a majami'a ya san da wa ya zauna.

Keziya takan ce, "Baban Rahila, ka rage abin nan. Ko kunu na dama, taba nake ji a ciki."

Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum. "Baba ya sha, ya kuma busa ƙaho har ƙetare."

Haka shekaru suka yi ta tafiya. 'Ya'ya suka girma suka yi aure, furfura ta fito, shi ne dai mai busa ƙaho, shi ne kuma mai taba. Sai tari ya shigo, kaɗan-kaɗan, yadda baƙon da ba ya niyyar tafiya yake shigowa. Ya ce sanyi ne. Ya fara tsayawa a tsakiyar kunyar gona yana haki, ya ce tsufa ne. Mutum in ba ya so ya ga abu, ai ba ya rasa sunan da zai ba shi.

Wata Lahadi ya hau surin nan da ubansa ke hawa, ya ɗaga ƙaho, ya cika ƙirji, ya busa. Ba abin da ya fito sai iska mai shuu. Ya sake, sai tari ya sarƙe shi, har ya durƙusa yana dafe da ƙasa. Ranar mutane suka zo sujada a makare, ɗaya-ɗaya, kowa yana tambayar ko lafiya. Kunya ta kama shi, baƙin ciki kuma ya fi kunyar. Da abin ya maimaitu, dattawa suka rataya wani tsohon ƙarfen garma a bishiya, aka riƙa bugawa. Ƙarfen yana isa gidajen wannan gefe, amma ba ya haye rafi.

A ƙetaren nan kuwa akwai wata tsohuwa, Gwaggo Auta, ƙanwar Ranau, ita kaɗai ta rage a cikin 'yan ɗakinsu. Idanunta sun tafi, amma kunnenta da hancinta da bakinta suna nan garau, bakin ma ya fi. Tun da ƙaho ya yi shiru ta daina zuwa sujada. Maƙwabta suka ce mata, "Gwaggo, yau fa Lahadi, tashi mu kama miki hannu." Ta ce, "Gaya mini kuka yi, ba kirana aka yi ba. Tun ina budurwa ƙahon nan ke kirana. Ranar da na ji shi, zan zo." Fasto ya haye ya yi mata wa'azi, ta saurara da ladabi, ta ba shi gyaɗa, ta kuma zauna abinta. Taurin kai ne, ba na musu. Amma tsohuwa ta san abin da take yi, don maganar ta isa kunnen wanda take so ta isa.

Keziya ta matsa masa har suka je asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce masa, "Baba, huhunka ya gaji. In ka bar taba, wani abu daga cikin numfashinka zai iya dawowa. In ba ka bari ba, wanda ya rage ma zai tafi."

Mutumin ya dawo gida. Washegari ya ɗauki lofensa ya farfasa shi da dutse. Ya shiga tsohon garke ya yi ta tumɓuke taba yana zubarwa, tushe bayan tushe, Keziya tana tsaye tana gode wa Allah a ranta. Da ya iso lungun danga, sai ya tarar da tushe ɗaya da ya fi duk sauran kyau, ya fara ɗaukar fure. Ya miƙa hannu, ya janye. Ya bar shi.

Keziya ta ce, "Wancan fa?"

Ya ce, "Don iri ne. Ba sha zan yi ba. Wanda ke cikin duma yana tsufa, in ba a sabunta shi ba zai mutu. Irin Baba ne, shi ma na ubansa ne. A ce a hannuna ya ƙare?"

Kada ku yi masa dariya tukuna. Ku da kuke manoma kun san abin da ya faɗa. A ƙauyen nan an yi shekarun yunwa da aka ci ganye aka ci dusa, amma ba wanda ya taɓa damin iri da ke rataye a saman murhu. Tun mutum yana yaro ake koya masa cewa wanda ya bar iri ya mutu a hannunsa ya yi abin kunya. Keziya ma 'yar manoma ce. Ta bar shi da tushensa, ta koma madafa.

Barin kuwa bai zo masa da sauƙi ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma turken nan ya daɗe a ƙasa. Hannunsa ya riƙa kai kansa aljihu yana lalube. Ya tauna goro har muƙamuƙinsa ya yi ciwo, ya yini da asawaki a baki. Ya yi faɗa da awaki, ya yi faɗa da kaji, ya yi faɗa da ƙofar ɗaki don ta ƙi rufuwa. Keziya ta haƙura, ta ce gara mai faɗa da mai tari. A hankali kuwa ƙirjin ya fara sakin sa. Ya fara jin ɗanɗanon miya, har ya tambayi matarsa ko ta canja daddawa. Ta ce daddawar dai ita ce tun ranar da ya auro ta.

Tushen nan ɗaya kuma yana can lungun danga yana nasa aikin. Ya yi fure, ya yi kwanso, kwanson ya bushe. Mutumin ya karkaɗe iri a cikin duma ya toshe, ya rataye. Amma irin taba ƙanana ne kamar rairayi, kafin ya zo da duma iska ta riga ta kwashi rabonta ta watsa. Rani ya wuce ba wanda ya ga komai.

Da ruwan farko ya sauka, Keziya ta shuka kuɓewa da yakuwa a tsohon garken. Suka tsiro, sai ga taba ta tsiro tare da su, ba ɗaya ba, ba goma ba, ko'ina ka duba ga ta. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Ya ce zai cire. Amma ya ce bari su ɗan tasa, don kada ya haɗa da yakuwa. Suka tasa. Ya zo cirewa, ya ga ganye kore shar, lafiyayye, irin wanda Ranau zai gani ya yi murmushi, hannun manomi kuwa nauyi yake yi a kan shuka mai lafiya. Ya ce ai asara ne a zubar, bari ya shanya ya ba wani tsoho a kasuwa. Ya yanko ganyen ya rataya a inuwar rumbu. Ganye ya bushe, ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, tsohon kasuwa bai ga komai ba.

Wata yamma yana zaune a kan turmin nan na ƙofar gida. Rana ta yi ja, awaki suna shigowa, Keziya tana kwasar tuwo. Iska ta kaɗo daga wajen rumbu, ta kawo masa ƙanshin. Nan take ya ga ubansa kamar yana zaune a gabansa, har ya ji muryar tana cewa a kawo wuta. Kewa ta cika masa zuciya. Ya tashi ya ciro ganye ɗaya, ya ce shinshinawa kawai zai yi. Ya murje a tafin hannu. Ga ɓawon masara a ƙasa, ga murhu da wuta. Sauran labarin kun san shi.

Komawar ta fi ta farko muni, don yanzu da ɓoyo ake yi. Dattijo mai jikoki ya koma laɓewa a bayan rumbu. Keziya ta sani tun ranar farko, ai hanci ba ya buƙatar a gaya masa. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta yi addu'a. Tari ya dawo ya zauna a wurinsa na da.

Ana nan, sai Gwaggo Auta ta aiko a kira shi. Ya wanke baki, ya tauna goro, ya sa rigar kirki, ya haye rafi. Ya yi sallama ya durƙusa a gabanta. Ita kuwa tun tana yi masa wasa yana yaro take kiransa Magaji.

Ta ɗaga hanci ta ce, "Magaji, goron nan bai rufe komai ba. An ce mini ka bari."

Ya sunkuyar da kai. "Na bari, Gwaggo. Tushe ɗaya na rage don iri, shi ne ya cika garke."

"Don iri," in ji ta. "Irin me?"

"Na Baba ne. In na ji ƙanshinta sai in ga kamar yana nan. In na rabu da ita, me ya rage mini nasa?"

Tsohuwa ta gyara zama. Sa'an nan ta ce, "Kai yamma kake tunawa. Ni safiya nake tunawa. Ka manta, ko dai ƙin tunawa ka yi? Wa ke fitar da kaskon da Yaya ke tofa majina da jini a ciki? Ni da uwarka. Ranar da ya miƙa maka ƙaho a gaban jama'a, kana saurayi, ka ɗauka don ka isa ne. To, ka isa. Amma ranar nan da la'asar ya hayo rafin nan, ya zauna inda kake zaune, ya yi kuka kamar yaro. Ya ce, Auta, na busa, iska ta ƙi. Ya ce, na ba da numfashina na karɓi hayaƙi. Ya gama kukan, ya share ido, ya ce in ba shi wuta. Na ba shi. Bai iya bari ba, Magaji. Ya so, bai iya ba."

Mutumin ya kasa ɗaga kai. Ashe ya san duk wannan, ajiye shi ya yi a inda ba ya dubawa.

Ta ci gaba. "Abu biyu ya bar maka. Ɗaya ya ba ka da hannunsa a gaban mutane. Ɗayan a rataye ka same shi bayan an binne shi, ba wanda ya ce ka ɗauka. Baki ɗaya gare ka, ba zai riƙe ƙaho da taba ba. Ni kuma daminar da ta rage mini ba ta da yawa. Ina so in ji ƙahon yayana kafin in tafi. Tashi ka je, kana cika mini ɗaki da wari."

Ya fito, ya tsaya a bakin rafi. Bai iya doguwar addu'a ba. Cewa ya yi, "Ya Ubangiji, Baba ya so bai iya ba. Ni ma na gwada da ƙarfina ban iya ba. Ka taimake ni."

Da gari ya waye ya shiga garke ya tumɓuke tabar duka, har da ta lungun danga, tun ba ta yi fure ba. Ya kwaso wadda ke rataye a rumbu ya tura cikin ramin taki ya rufe. Sa'an nan ya sauko da duman iri, ya tsaya da shi a hannu yana tunani. In ya zuba a rafi, zai tsiro a fadamar mutane. In ya binne, ai shuka ke nan. In ya ba wani, ya ba shi tari. Manomi ya san hanya ɗaya ce tak iri ke mutuwa.

Ya ce, "Keziya, ɗora mini kasko a wuta."

Ta dube shi, ta dubi duman, ta gane. Ta ɗora kasko. Da ya yi zafi, ya cire toshiyar ya juye irin duka, ya bubbuga gindin duman don kada ƙwaya ta maƙale. Iri ya fara ƙara ƙas-ƙas, ya yi baƙi, yana juyawa da tsinke, hawaye suna zuba a gemunsa. Manomi ɗan manomi jikan manomi, yana soya iri da hannunsa. Keziya ma ta yi kuka, don ta tuna wata yarinya da ta tsaya a bakin danga da ƙwarya tana roƙon fure. Ba wanda ya ce wa wani ya yi shiru. Da irin ya ƙone ƙurmus, ya jefa duman ma a wuta.

Ko da haka ƙasa ba ta manta ba. Duk ruwan da ya sauka, sai 'yan tsiro su leƙo a garke, daga irin da iska ta watsa tun bara. Amma yanzu ba ya jira su tasa. Kowace safiya yakan zaga, in ya ga mai ganye biyu ya tsinke. Ya kuma gaya wa Keziya da wani dattijon ikilisiya, ya ce, "In kun ga na nufi bayan rumbu, ku kira sunana da ƙarfi." Sun kuwa kira, ba sau ɗaya ba.

Yamma ce ta fi yi masa wuya. Don hannunsa ya sami abin yi, sai ya riƙa ɗauko ƙahon ya ɗora a cinya yana shafa masa man kaɗe. Keziya ta riƙa kawo tabarma ta zauna kusa. Wata rana ya ji bakinsa ya fara labarin gwankin nan, daga shi ya wuce na shekarar fara, da na gayyar gonar gwauruwa, da muryar Ranau da irin tsayawarsa da dariyarsa. Ashe labaran ba a cikin hayaƙin suke ba. Ya yi mamaki, ya kuma ji daɗi irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Numfashin ya riƙa dawowa da kaɗan-kaɗan, ba duka ba. Yakan tafi da ƙahon gona ya gwada inda ba mai ji sai tsuntsaye. Aka yi girbi, aka kai amfani gida, ruwan rafi ya ja baya. Labari kuma yana zuwa daga ƙetare cewa Gwaggo ba ta cika fitowa ƙofar ɗaki ba.

Wata Lahadi da sassafe, kafin a buga ƙarfe, ya hau suri. Ya ɗaga ƙaho ya busa. Muryar ta fito a karye, gajeruwa. Ya huta, ya sake cika ƙirji, ya busa, wannan karon ta miƙe ta ɗan yi tsawo kafin ta yanke. Iyakar abin da yake da shi ke nan. Mutanen wannan gefe suka fito suna murna, shi kuwa idonsa yana kan hanyar rafi. Ba kowa. Aka shiga majami'a, aka yi addu'ar buɗewa, aka fara waƙa, yana zaune kusa da ƙofa zuciyarsa ta yi nauyi, yana cewa bai kai ba.

Ana tsakiyar waƙa sai ya ji ƙarar sanda a kan dakali. Ga Gwaggo Auta, maƙwabciyarta tana riƙe da hannunta, bakin zanenta a jiƙe. Ya tashi ya tare ta.

Ta ce, "Wa ya busa?"

Ya ce, "Ni ne, Gwaggo."

"Na ɗauka ɗan maraƙi ne ya ɓata yana neman uwarsa." Ta laluba ta kamo rigarsa, ta jawo ta kai hanci, ta shinshina sosai. Ta ce, "Man kaɗe nake ji. Ya iso ƙetare, Magaji. Kai ni in zauna."

Ta zo sujada duk Lahadin da ta rage mata a ranin nan. Ba ta ga damina ba. Ranar da za a binne ta, shi ya hau suri ya kira mutane.

Ma'anar wannan misali ita ce. Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Tabar kuwa, ba zan yi kwana-kwana ba, da farko dai taba ce, don akwai masu shanta a cikinmu, na kuma san wasu sun yi shekaru suna so su bari. Ban zo in kunyata ku ba. Amma ga wani tabar tasa kwalba ce, ga wata gulma ce, ga wani fushin da ya gada a gidansu har yana taƙama da shi, yana cewa haka jininmu yake.

Ƙahon shi ne numfashi da baiwar da Allah ya ba ka, ba don kanka kaɗai ba. Akwai wani a ƙetare da ba zai ji ƙarfen kowa ba sai naka ƙahon: ɗanka ne, ko matarka, ko maƙwabcin da ke kallon zamanka. Ba kuma har abada zai jira ba.

Amma zuciyar misalin tana lungun danga. Ku lura, mutumin nan ba ƙaryar tuba ya yi ba. Ya fasa lofe, ya tumɓuke garke guda, ya sha wuya. Tushe ɗaya kaɗai ya rage, dalilinsa kuma mai kyau ne, har matarsa ba ta hana shi ba. Haka abin yake zuwa mana, 'yan'uwa. Ba ya cewa ka koma. Cewa yake yi, ka rage kaɗan don tunawa. Karan sigari ɗaya a aljihu don baƙo. Zama ɗaya a tsohuwar majalisa don zumunci. Abin da ka rage don iri kuwa, aikin iri zai yi.

Ina kuma so matasa da tsofaffi su ji wannan. Girmama iyaye ba ya nufin ka riƙe duk abin da ka samu a rataye a ɗakinsu. Sun bar mana abin da suka yi alfahari da shi, sun kuma bar mana abin da suka yi kuka a kansa. Ka tuna yammacinsu da ƙauna, ai ya cancanta. Amma ka tambayi masu tuna safiyarsu. Mutumin nan ya ji tsoron in ya ƙona iri zai rasa ubansa, sai ga shi bayan hayaƙi ya washe ne ya same shi sosai.

In ka taɓa bari ka koma, kada ka ce taka ta ƙare. Shi ma ya koma. Bambancin karo na biyu shi ne, ya daina dogara ga ƙarfinsa, ya kira Ubangiji Yesu mai ɗaga wanda ya faɗi, ya ji maganar likita, ya ba mutane biyu izinin kiran sunansa, ya kuma riƙa tsinke tsiro tun yana ganye biyu. Numfashinsa bai dawo duka ba, don abin da shekaru suka ci sun ci. Amma wanda ya dawo ya isa ya haye rafi, ya kuma haye a kan lokaci.

Saboda haka in kun koma gida yau, kada ku tsaya kallon filin da kuka riga kuka share. Ku je lungun danga. Kowa ya san nasa tushen, ya san inda dumansa yake rataye. Ku sauko da shi tun mai jiranku a ƙetare yana da rai, kasko kuwa ba gidan da babu shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya ba mu ƙarfin hali. Amin.